Karnen Ɗana a Bakin Tsohuwar Gangara

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na je Gangara auna ilimin mutane ba. Wata ƙungiya ce ta ɗauke mu aikin anketi daga Tanout, mu bi gida-gida muna tambayar abin da jama'a suka sani game da allurar rigakafi, a gano ko rashin sani ne ke hana su kai yara. A jarrabawar horo ni na zo na ɗaya (har yau ina faɗa ko ba a tambaye ni ba). Ran nan kuma shugabarmu, Madam Hadiza, ta biyo ni don ta ga aikina, domin ana neman wanda za a ba jagorancin tawagar Belbédji. Ni kuwa na riga na sanar da abokaina cewa nawa ne.

Gida na uku muka tarar da wata tsohuwa tana sussukar gero, mata sun kewaye ta. Na gyara tabarau, na ɗaga waya.

"Iya, me ke cikin allurar rigakafi?"

"Ruwa."

"Yaya take aiki a jiki?"

"Yo ni na shiga jikin ne?"

Na ba ta sifili, na kalli Madam ina girgiza kai irin na mai tausayin talakawa. Sai na shiga lacca, rabi Hausa rabi Faransanci, har da zana ƙwayar cuta a ƙasa da tsinke. Daga nan na zo tambayar ƙarshe: ko yaran gidan sun samu allurarsu? Tsohuwa ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar langa, ta buɗe. Karne ne, wato katunan rigakafi, na jikoki da tattaɓa-kunne, an ɗaure su da zare, kowanne cike da hatimin asibiti. Ko layi ɗaya ba a tsallake ba.

Sai ta ƙura mini ido. "Tsaya. Ba kai ne mijin Rabi ba, ƴar Hassana?"

Na sake dubanta da kyau. Ashe ƙanwar kakar matata ce. Ta zo sunan ɗana Sani, amma ni ina waje da maza ina karɓar barka. Kun san kuma kaka da mijin jika, babu kunya tsakani.

"Ashe mijina ne! To angona, ni ma ga tawa tambayar. Ina karnen Sani?"

Na ce yana gida.

"Yana gida yana hutawa, ko? Rabi ta ce tun da allurar farko ta sa masa zazzaɓi, ka ji wani saƙon murya a waya, ka ce kada a sake kai shi. Yaro ya wuce wata goma, ga ƙyanda tana yawo. Rubuta wannan a na'urar taka."

Mata suka tuntsire da dariya, wata har da guɗa. Na so in ce ƙarya ne, amma gaskiya ce tsagwaronta. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, kuma a ƙarƙashin kunyar na ji tsoro na gaske saboda Sani.

Madam ta karɓi wayar a hankali, ta buɗe sabon shafi. "Malam, zauna kan tabarma. Sunanka da shekarunka?"

A gaban matan nan ta yi mini tambayoyin kaf. Na cinye su duka (me ya yi saura?), sannan ta saka ni cikin rukunin masu ɗari-ɗari da allura.

Washegari da kaina na ɗauki Sani zuwa asibiti, ni kaɗai ne namiji a layi. Belbédji kuwa wani aka ba.

Darasin da na samu shi ne, kafin mutum ya tafi auna jahilcin jama'a, ya fara tambaya ko matarsa tana da dangi a garin.