Rasuwar Savka, Babur Mai Ƙafa Uku na Krutikha

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya rasa wurin zama, Yefim Kuzmich Shadrin na ƙauyen Krutikha, tare da 'yan tsofaffin da suka rage a unguwar sama, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar amininsa Savka, babur mai ƙafa uku, mai kwandon ɗaukar mutum a gefen dama. Rai ya yi halinsa ranar Talatar ziyarar kaburbura, da hantsi, a cikin kogin Nitsa, a kan idon mai shi.

Marigayi ya shigo gidan Yefim Kuzmich tun zamanin gonar haɗin gwiwa, lokacin kan Yefim baƙi wuluk, Krutikha tana da makaranta da kanti da motar haya safe da yamma. Marigayiya Taisiya, matar Yefim, ita ta raɗa masa suna, sunan wani kawunta da ba ya tashi daga barci sai an haure shi, kuma sunan ya bi shi. A kwandonsa aka kai Taisiya asibitin gari tana naƙudar 'yarsu Raisa, cikin taɓon da tarakta ma ta ƙi shiga. Ya ɗauki dankali, ya ɗauki harawa har ba a ganin direba, ya ɗauki ɗan maraƙi, ya taɓa ɗaukar amarya sukutum da motar ango ta mutu a hanya. Bai taɓa zaɓen mai ba, duk abin da aka ɗura masa sha yake ya gode. Shi ne kuma ya kai Taisiya asibiti tafiyar da ba ta dawo da ƙafarta ba.

Duk wanda ya kwana a Krutikha ya san muryarsa. Da safe sai ya yi tari, kuf, kuf, ya yi shiru kamar ya fasa, sannan ya ɗauka, tu-tu-tu-tu, tagogi na rawa, kaji na watsewa, shi kansa yana kyarma tun daga fitila har lambar baya.

Ba a tonon aibun mamaci, amma wannan dole a faɗa, don shi ya zama ajalinsa. Tun fitowarsa daga masana'anta marigayi ba shi da birkin tsayuwa na kirki. Ɗan birkin da ya zo da shi ya saki tun Raisa tana rarrafe. Wannan bai taɓa damun kowa ba, don mu a nan muna da yadda muke yi. Garinmu a kan gangare yake, kuma inji mai sanyi ba ya tashi da daɗin rai, saboda haka ɗan Krutikha ba ya ajiye babur a shimfiɗaɗɗen wuri. Sai ya nemi bakin gangare, ya juya hancinsa ƙasa, ya kashe inji, ya bar shi a giya, ya tokare taya da guntun icce. In zai tafi ya zare iccen, ya hau, ya gangara, ya saki kuloci, inji ya kama. Haka iyayenmu suka yi. Guntun iccen Savka har ya yi santsi don shan hannu, kuma wurinsa ɗaya ne, ƙarƙashin kujerar kwando.

Bayan rasuwar Taisiya, ƙauyen ya riga ya zama kufai rabi. Kanti ya rufe, motar haya ta daina zuwa, mai ba da magani ta koma gari. Raisa ta zo daga birnin Tyumen ta tsare mahaifinta a bakin murhu.

"Baba, me ka tsaya yi a nan? Ka tattara mu tafi, ga ɗaki can na gyara maka."

"Ɗaki a saman bene, in zauna ina leƙen motoci ta taga kamar kyanwa? Ke dai Raisa. Ga uwarki can kan tudu, ga lambuna. A gidan nan aka haife ni."

"To idan jininka ya hau fa? Wa zai kai ka gari?"

"Savka na nan."

"Savka ya girme ni, Baba."

"Ya girme ki, kuma ya fi ki jin magana."

Ta yi kuka, ta yi faɗa, daga ƙarshe ta share hanci ta ce, "Shi ke nan. Muddin yana tashi, yana kai ka gari ka karɓo maganinka, ka zauna. Ranar da ya mutu, ba na son jin wata magana." Yefim ya ce ya ji, ya kuma ba ta hannu, shi kuwa mutum ne da in ya ba da hannu an gama. Tun daga ranar, duk Lahadi in ta bugo waya, kafin ta tambayi lafiyarsa sai ta ce, "Tayar da shi in ji." Yefim ya ɗingisa zuwa rumfa, ya kara wayar a salansa, marigayi ya yi mata tu-tu-tu-tu. A kan wannan muryar zaman Yefim a gidan ubansa ya rataya, kuma kowa a garin ya sani.

Jinya ta faro ne a kakar bara. Haƙoran giya suka cinye, ta fara zamewa da kanta. Wata rana Yefim ya shiga gida ɗauko hula bai tokare taya ba, marigayi ya sulale a hankali, ya keta shingen Inna Agafya, maƙwabciyarsa, ya tsaya a tsakiyar lambunta.

"Kuzmich! Tsohon banza! Zo ka fitar da ƙaninka daga cikin kabejina!"

"Yaya Agafya, rufa mini asiri, kada Raisa ta ji."

"Ai ta riga ta ji. Kai kana tsammani wayar nan don ado na rataya ta?"

Ba a yi sati ba sai ga Gena, mijin Raisa, da wani ɗan ƙarfe ja mai ƙyalli kamar alawa, wanda aka yi odarsa ta waya daga wani kamfani da ba wanda ya iya karanta sunansa. Ya ɗaura shi a hannun babur ya nuna. "Ka matse birkin gaba, Baba, ka danna ɗan harshen nan, ƙwas, ya kama. Ko a jikin bango ka ajiye shi ba zai motsa ba." Aka gwada a gangaren rijiya, bai motsa ba. Trofim mai tarakta ya tura da kafaɗa, bai motsa ba, har ya ce shi ma a samo masa irinsa. Mu duka mun yaba, kada wani ya zo yau ya ce shi dama ya hango.

Yefim kuwa ya so abin nan har ransa, kuma da dalili. Gwiwarsa ta daɗe da lalacewa. Sunkuyawa ya cusa icce azaba ce, in kuma gangare ya ƙare inji bai kama ba, taka kik ya fi azaba. Yanzu ga sauƙi ya samu: ya tsaya, ya mayar da giya firi, ya bar injin yana aiki, ƙwas, ya shiga ya yi abin da zai yi ya fito ya tarar da shi yana jira. Wata rana a tsakiyar hunturu itacen girki ya jiƙe, Yefim ya dubi tsohon guntun iccen nan, ya ce aikinsa ya ƙare, ya jefa shi a murhu. Ya ci wuta da kyau, busasshen icce ne.

Ranar ziyarar kaburbura ƙanƙara ta gama narkewa, kogi ya cika ya tumbatsa har ya cinye makiyayar ƙasa. Yefim ya ɗauki Inna Agafya a kwando, da kwandonta na dafaffen ƙwai da alawar da ake ajiye wa matattu, suka hau tudun maƙabarta. A bakin ƙofar maƙabartar akwai fili shimfiɗaɗɗe da zai ɗauki tarakta biyu. Mutumin da injinsa ke aiki ba shi da abin da zai yi da gangare, amma hannu ya riga ya saba. Yefim ya wuce filin bai ko dube shi ba, ya je bakin gangaren da ya miƙe zuwa kogi, ya juya hancin marigayi ƙasa, kamar yadda ya yi tun yana saurayi. Ya matse, ya danna, ya bar shi yana kyarmarsa.

Yana durƙushe a kan kabarin Taisiya, yana cire busasshiyar ciyawa, yana ba ta labarin cewa bana ma ya tsallake hunturu a gidansu, sai ya ji ƙwas. Ɗan ƙaramin sauti ne, amma ya san shi. An yi ɗan ƙarfen nan ne don baburan da ke tsayawa cik, ba don tsohon da ke girgiza duk abin da aka ɗaura masa ba, kuma kyarmar ta yi ta cin harshen kaɗan-kaɗan har ya kuɓuce.

Marigayi bai yi gaggawa ba. Ya fara tafiya a natse kamar mai zuwa ɗebo ruwa, ya ɗan karkata dama yadda masu kwando suke yi, sannan gangare ya karɓe shi. Yefim ya miƙe, ya yi taku kaɗan, gwiwa ta ce ba da ita ba, ya zube a tsakanin kaburbura yana kira, "Savka! Tsaya! Tsaya mana, ɗan banza!" Inna Agafya ta ɗora hannu a ka tana salati irin namu. Har Savka ya kai bakin gaɓa yana tu-tu-tu-tu. Ya faɗa, ruwa ya tashi, aka ji kuf, kuf, sai shiru. Tari ne irin na safiya, har Yefim ya kasa kunne yana jiran ya ɗauka, bai kuwa ɗauka ba.

Da la'asar Trofim ya jawo gawar da tarakta da igiyar ƙarfe. Injin ya sha ruwan ƙanƙara yana da zafi, ya tsage gida biyu, cikinsa ya murɗe. Ɗan jan ƙarfen kuwa yana nan a hannun babur yana ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Kai, Allah ya isa! Trofim ya leƙa, ya goge hannu a wando, ya ce, "Kuzmich, sai haƙuri."

Yefim bai haƙura nan take ba. Ya roƙi Inna Agafya ta riƙe bakinta, wannan karon kuma ta riƙe, don ita ma burodinta da maganinta a kwandon nan suke zuwa. Ya bi gidajen da aka bari ɗaya bayan ɗaya da sanda, yana buɗe rumfuna, yana neman inji a jikin tsofaffin baburan da masu su suka mutu ko suka ƙaura. Duk wanda ya ɗaga wa tamfol sai ya tarar da fanko, kuma ba wani ya kwashe ba, shi ne da hannunsa, shekara da shekaru, yana ciro wa marigayi. Ranar Lahadi waya ta yi ƙara. Raisa ta ce, "Tayar da shi in ji." Yefim ya tafi rumfa kamar kullum, ya tsaya a kan gawar da waya a hannu, ya daɗe.

"Baba? Ba na jin komai."

"Raisa, Savka ya tafi."

Ta ce, "Kai lafiyarka ƙalau?" Ya ce ƙalau. Ta ce, "Ina zuwa ranar Asabar, Baba." Bai yi mata musu ba.

Marigayi ya rasu ya bar Yefim Kuzmich, wanda tun ranar bai kunna murhu da kansa ba. Ya bar Inna Agafya, wadda jikanta ya riga ya ce ita ma ba za ta yi wani hunturun a nan ba. Ya bar Buran, karen gidan, da har yanzu yake hawa kwandon ya zauna yana jiran a tafi, kuma an ce benen Tyumen ba a shiga da irinsa, don haka Trofim zai riƙe shi. Ya bar safayar taya guda mai sauran rai, da rabin jarkar mai. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, don mu dai ba mu da shi.

Gawa tana kwance a rumfar gidan Shadrin, an rufe madubinta da ƙyalle kamar yadda aka saba a gidan makoki, mai son yin ban kwana ƙofa a buɗe take. Ranar Asabar da safe mai sayen tsohon ƙarfe zai zo da motarsa daga gari ya ɗauke ta. Ba a buƙatar furanni. Za a sha shayi da fanke da dafaffiyar alkama da zuma a gidan Inna Agafya, kowa ya zo da kofinsa. Addu'ar kwana tara da ta arba'in babu, don ba za a sami kowa a gidan ba. Motar Raisa za ta tashi da azahar. Ana roƙon maza masu zuwa ta'aziyya, duk wanda hannunsa ke da sauran ƙarfi, ya zo da guduma da ƙusoshi, a taimaka a rufe tagogin gidan. Katako ba sai an kawo ba, Yefim Kuzmich ya riga ya auna ya yanka da hannunsa, bugawar ce ya ce ba zai iya ba.