Ranar da na je Maraɗi ina zaune a Agege

Duk ofishinmu cewa suke na gudu Nijar ba izini. Ƙarya ne! Ni ko Ibadan ban taɓa wucewa ba.

Ranar da aka fara barina in yi aiki daga gida, datata ta ƙare. Na sauka kantin Baba Mamman, mutumin Maraɗi da ke ƙasan gidanmu, ya jona mini ta wayarsa. Na kunna VPN, ƙofar da muke bi mu shiga kwamfutocin kamfani, ta ƙi buɗewa. Sau bakwai ina gwadawa. Sai na sayi 'yar data na rubuta a gurup ɗin ma'aikata: "Wanda ya haɗa wannan tarkacen ya koma makaranta."

Ba a jima ba Oga Tunde, mai haɗa tarkacen, ya kira. "Madam, me kike yi a Nijar? An rufe akawun ɗinki, manaja na maganar sallama."

"Oga, ba ka jin kwandastan danfo yana kiran Oshodi?"

Sai idona ya faɗa kan wayar Baba. "Baba, layin ina ne wannan?"

"Na gida mana, ɗiyata."

Ashe layin Nijar, ko a Legas yake, intanet ɗinsa ta can yake zagayowa, shi ya sa kamfani ya gan ni a Nijar. Ni na gano, ba Oga Tunde ba, a rubuta a ajiye! Na yi masa bayani, ya buɗe akawun, aikina ya tsira.

Har yau in na shiga ofis sai a ce, "'Yar Maraɗi, ina tsaraba?" Litinin zan kai musu kilishi, mai barkonon da zai rufe musu baki.