Ranar da Na Yi wa Kacalla Kirari

Har ƙasa ta rufe min ido ba zan taɓa mantawa da zamana na biyu a kwamitin daraktocin kamfaninmu na casar shinkafa da ke Haɗeja ba. Kujerar mahaifina na gada bayan rasuwarsa. Ni kuwa a Kano na tashi, gida sai da sallah, don haka sauran daraktocin kallon baƙo suke yi min. Abin yana cina. Burina ɗaya, shugaban kwamitin, Kawu Alhaji, wan mahaifiyata, ya yarda kujerar nan ba ta fi ƙarfina ba.

Sai ga dama ta faɗo. Manyan masu sayen shinkafarmu suka ce daga bana suna son rahoto kan yadda muke kula da muhalli da manoman da ke kawo mana kaya: ruwan da muke amfani da shi, ɓuntun da muke zubarwa, halin da fadama take ciki. Da Kawu ya tambayi wa zai ɗauki aikin, kowa ya ɗaga kai yana kallon silin. Ni kuwa na miƙa hannu tun Kawu bai rufe baki ba.

Zumuɗi ba a magana. Ban tambayi manajan masana'anta komai ba, ban zauna da manomi ko ɗaya ba (a tunanina rahoto hoto ne da daɗin baki). Na haye acaɓa sai fadama. Me zan gani? Wata doguwar ciyawa koriya shar, iya ganinka, iska na kaɗa ta, ga ƙananan tsuntsaye sun tashi kamar hayaƙi. Na ɗauki hotuna, tun a hanya na kira matata na ce ta fara taya ni murna.

Ranar zama na sha babbar riga, na yi wanka da turare. Ɗakin ya cika: daraktoci, wakiliyar masu sayen shinkafa, da shugabannin manoman da Kawu ya gayyato (bai gaya min ba). Na kunna majigi, hoton da na ɗauko ya cika bango, na gyara murya.

"Jama'a, ku dubi albarkar aikinmu. Fadama ta farfaɗo, tsirrai sun dawo, tsuntsaye sun dawo, kuma mun yi alƙawarin ninka su."

Na tsaya ina jiran tafi. Wani dattijo ya cire hula ya mayar. Wata Hajiya cikin daraktoci ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Kawu ya dube ni. "Ɗana, ka san sunan ciyawar nan?"

Na ce ban kai ga tambaya ba. A natse ya gaya min kacalla ce, wadda ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta hana masunta wucewa da kwale-kwale. Tsuntsayen kuma jan-baki ne, a cikinta suke kwana, gari na wayewa su faɗa wa shinkafar mutane.

"Wato su za ka ninka mana?" in ji Kawu.

Ɗakin ya tuntsire da dariya. Da ƙasa za ta tsage da na shige har da babbar rigar. Ana haka wakiliyar ta tambayi me kamfanin ke yi a kan kacallar, sai dariyar ta ɗauke, don amsar ita ce babu. Kawu bai yi kwana-kwana ba, ya ce hakan za a rubuta. Ya kuma yanke cewa daga yau darakta ba zai sa hannu a kan abin da bai je ya gani ba, kuma abin da muka gaza sai ya shiga rahoto.

Na sunkuyar da kai ina jiran a ƙwace aikin. Sai na ji ya ce, "Kai ka fara, kai za ka gama. Asabar akwai gayyar yankan kacalla."

Haka na tsinci kaina cikin ruwa iya ƙugu, lauje a hannu, matsattsaku na shagali a ƙaurina, manoma na tambayata ko na fara ninkawar. A bakinsu na samo rabin rahoton. Da Kawu ya karanta shi, ya sa hannu, ya ce da mahaifina na raye da ya yi dariya, amma da ya sa hannu shi ma. Sai da na fita waje na share ido.

Tun daga nan, duk abin da ya burge ni a fadama, sai na tambayi mai gona ko aboki ne ko ɓarawo.