Kujerar Hannun Dama

Kujera ce ta ja mini, wallahi. Hala Zainabu, wato Inna Zainabu da Larabci, zabiyar bukukuwan mata, ta kira ni wani zauren biki a unguwar Jurf ta Madina in cike gurbin mai bandirinta da ba ta da lafiya. Ban daɗe da fara koyo ba, amma na shiga ina taku kamar da bandiri aka haife ni.

Na hango kujera ba kowa a hannun daman Hala, kusa da sanyin esi, na yi ɗare-ɗare. Ashe a tsarin zaman makaɗa, wadda ta zauna nan ita ke buɗe kiɗa, saura su bi.

Aka rage fitilu, amarya ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran kiɗan shigowarta. Hala ta zungure ni: "Yalla, ya binti! Fara mana, 'yata!" Na buga kiɗan da ya fara zo mini. Ashe na shigowar ango ne.

Mata an ci kwalliya, kai ba ɗankwali, suka kwashi ihu: "Rijal! Maza!" Kowa na wawason abaya. Uwar amarya ta yafa zanen tebur. Ni kuwa tsoro ya hana ni tsayawa, sai ƙara dukan fatar nake, har Hala ta fizge bandirin: "Ke, so kike a daina kiranmu biki a Madina?"

Yau har jikoki gare ni. Amma duk gidan da na yi sallama, sai matan su ja mayafi su rufe fuska: "A gyara, ango ya iso!"