Rasuwar Fitilar Noelene a Akwatin Ƙanƙara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, Noelene Pratley ta garin Kojonup tana sanar da 'yan ƙungiyar masu ɗaukar hoton furannin daji rasuwar fitilar kyamararta, ranar Lahadi da hantsi, bayan shekara goma sha tara tana aiki.

Marigayiya mai haƙuri ce. Noelene takan durƙusa a inuwar itatuwa, ta bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa huɗu, iska tana kaɗa fure har launinsa ya bazu kamar hayaƙi. Ita kuwa fitila tana hannun hagu tana 'yar ƙararta, "wiiii", ba gaggawa. Sai a daƙiƙar ƙarshe ta ce "fat", fure ya tsaya cak a tsakiyar hayaƙin. Ba ta taɓa ƙone farin fure da haske ba.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Saboda zafi, Noelene ta saba ajiye ta a busasshen akwatin sanyi a bayan mota. Ranar Juma'a mijinta Des, ko leƙawa bai yi ba, ya juye ƙanƙara a ciki don giyarsa. Aka tsamo ta, aka kwantar da ita cikin ɗanyar shinkafa kwana biyu. Ta yi "wi" sau ɗaya, shi ke nan. Des yana ta rantsuwa akwatin nasa ne tun kafin aure, amma har yau ba a amsa gaisuwarsa a gidan.

Abin da ke cin ran Noelene shi ne wani fure mai wuyar samu da ta gano a ranar Juma'ar nan, ɗan siriri mai ƙafafu kamar gizo-gizo, a filin da wani kamfani zai haƙi tsakuwa. An ce mata ba za a dakatar da katafila ba sai ta kawo hoton da ya nuna cikin furen sarai. Wurin da duhu, iska ba ta tsayawa, wanda ta ɗauka da waya duk ya fito dishi-dishi. Sabuwar fitila daga birnin Perth sai mako mai zuwa, 'yan ƙungiya kuma yawancinsu sun koma waya. Tana cikin tsoro, ba ta ɓoye wa kowa ba.

Marigayiya ta bar kyamara ɗaya, da sandar kyamara mai ɗingishi, da batura huɗu marayu.

Za a kai ta makwancinta ranar Talata da ƙarfe tara na safe, a kwandon kayan lantarki na bolar gari. Des ne zai ɗauki gawa. Ana roƙon jama'a kada a zo da furanni. Duk mai fitila dai, ko tsohuwa ce, don Allah ya taho da ita. Daga bola filin za a wuce kai tsaye, domin zuwa Alhamis furen ya rufe.