Rasuwar Beulah, Na'urar Bandar Naman Gidan Tillery

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama yarda ba, ni Odessa Tillery, a madadin mahaifina Cleophus Tillery da ƙanena Alvin Ray, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da jama'ar cocinmu rasuwar Beulah, na'urarmu ta bandar nama mai aiki da lantarki. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi da rana, a barandar gidanmu da ke San Marcos, bayan ta sha fama da jinya.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ne a shekarar da mantuwa ta kama Baba, muka ɗauko shi daga Seguin ya dawo wurina. Duk wanda ya taɓa cin gasasshen naman ƙirjin saniya a Seguin ya san ramin gashin naman Baba. Amma a benen haya nake zaune, kuma mai gida ya hana hura gawayi a baranda. Sai na sayo Beulah a hannun wata tsohuwa da ke shirin ƙaura. Ranar da Baba ya fara ganinta, ya zagaya ta da sandarsa, ya leƙa cikinta, ya ce, "Odessa, wannan ai firji ne da zazzaɓi ya kama."

Ba ta riƙe shi a zuci ba. Mai haƙuri ce, mai ƙanƙan da kai, ba ta da ci. Tafi ɗaya na ɓarɓashin icen pikan, wata bishiya mai 'ya'ya kamar gyaɗa, ya ishe ta wuni, ta yi ta fitar da siririn hayaƙi mai zaƙi kamar ana soya gyaɗa a nesa. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Iyakar maganarta "ƙyas" idan ta ɗauki wuta, sai "tsss" idan kitse ya ɗiga a kaskon ruwan da ke cikinta.

Babban aikinta na alheri kuwa ba kowa ya sani ba. Baba ya kai inda yake ture kwano, yana kirana da sunan yayarsa da ta rasu tun ina goye. Likita ya yi magana, fasto ya yi addu'a, Baba sai rama yake yi. Amma da hayaƙin pikan ya shigo falo, sai ya miƙe ya dafa bango har bakin baranda, ya ja hanci, ya ce, "Odessa, kin cika mata ice. Pikan in ya yi yawa ɗaci yake yi, sau nawa zan faɗa miki?" Ya yi ta faɗa, ni kuwa ina murna. A irin ranakun nan yakan cinye kwanonsa tas, har ya nemi ƙari.

Ciwon ajalinta ya fara ne da ƙofa, wadda ta daina rufuwa sai an tokare da bulo. Daga baya ruwan sama ya shige ta, ta riƙa ɗauke numfashi tana dawowa. Ranar Lahadi na sa mata nama, na bar Baba da maƙwabciya, na tafi coci. Da na dawo na dafa ta, sanyi ƙalau.

Alvin Ray ya zo da kayan aikinsa, ya kwance bayanta, ya daɗe a tsugune. Sannan ya cire hula ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Wayar da ke kawo zafin ta ƙone, kuma an daina ƙera irinta."

Na ce, "Kai ba ka ce babu abin da ya fi ƙarfinka ba?"

Ya ce, "Mota na ce, Yaya. Ban ce ina tayar da matattu ba."

Mun aro sabuwa fil, mai madannai da fitilu. Ice iri ɗaya, gishiri da masoro iri ɗaya, amma cikinta fari tas, babu baƙin maiƙon da shekaru suka tara a bangon Beulah. Na yanka naman na kai wa Baba. Ya sunsuna, ya ture kwanon, ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Baiwar Allah, sannu da ƙoƙari. Ki kira mini Odessa, ita ta san yadda nake so."

Marigayiyar ta rasu ta bar ragar ƙarfe uku, da kaskon ruwa mai tsatsa, da rabin buhun icen pikan, da dattijo ɗaya wanda tun ranar bai ci abin kirki ba, da ni da ban san abin da zan yi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Gawar tana ƙasan matakala, a lulluɓe da tamfol, ga mai son yin ban kwana. Alvin Ray zai ɗauke ta a motarsa zuwa wurin masu sayen tsoffin ƙarafa da ke bayan gari. Ba a bukatar furanni. Wanda ke da tsohuwar na'ura irinta a rumbu, komai muninta, muddin cikinta baƙi ne, ya taimaka ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Baba ba zai halarta ba, don ba mu gaya masa ba. Masu zuwa ta'aziyya za su same shi a kujerarsa, fuskarsa na kallon baranda. Don Allah a gaishe shi kawai a wuce.