Babur Mai Minti Goma

"...lafiya lau, alhamdu lillahi. Amma tsaya, Injiniya, yau sau nawa za ka gaishe ni ne? Ko garin da ka samu aikin a bayan layinmu yake?"

"Dawowa na yi in duba ko kana numfashi, Kaka. Na bar ka kana gyangyaɗi, na ce kada ka faɗo daga benci a ce ni ne."

"Ka dai dawo a ƙafa kana tura jakinka. Sannu da ƙoƙari."

Ni tela ne, shagona yana kallon ƙofar gidansu, don haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi, wani ma da ni aka yi. Tsohon nan mai gyaran famfo ne, shekara arba'in yana sana'ar kafin gwiwa ta zaunar da shi. Jikan nasa kuwa shi ya raine shi tun yana ɗan shekara huɗu, bayan rasuwar iyayensa, kuma su biyu ne kaɗai a gidan. In ka ji suna magana sai ka rantse yau sai an raba su da sanda, alhali wasa ne na kaka da jika.

Injiniya ya gama karatun lantarki, ya yi shekara biyu cur yana zaune. Sai yanzu Allah ya kawo aikin duba turakun sadarwa a wani gari mai nisan awa shida. Sharaɗi biyu masu aikin suka ba shi: ya zo da babur ɗinsa, ya kuma sa hannu kafin ƙarfe huɗu na yammacin ranar, in ba haka ba a ba wanda ke bayansa. Babur ɗin ƙato ne, irin na doguwar tafiya, da gilashi a gaba da akwati biyu a gefe. Na hannu ya saya, wata uku yana lallaɓa shi. Da sassafe ya yi sallama ya tafi, ya dawo, ya ƙara ɗaure kan batir ya sake tafiya. Ga shi ƙarfe takwas da kwata ya turo shi, riga sharkaf da gumi. In bai bar gida kafin ƙarfe goma ba, aiki ya tafi.

"Me yake yi maka ne?" in ji tsoho.

"Minti goma yana tafiya lafiya, sai ya fara tari, sai ya mutu. In na bar shi ya huta sai ya tashi, ya ɗan taɓa, ya sake mutuwa."

"To ai halinka ya ɗauko. Kai ma haka kake shara."

"Ni na ɗauka naka ne. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida sau biyu kake zama."

"Ni sai da na yi saba'in da takwas na fara. Naka wata uku kawai."

Injiniya ya cire kujerar babur, ya ɗauko mitarsa mai waya biyu, ja da baƙa, ya ɗora a kan batir.

"Batir lafiya."

"Wa ya gaya maka?"

"Mita."

"Oho. Mu a zamaninmu kunne muke sawa."

"A zamaninku ai ko taya ba a ƙirƙiro ba. Kuma wane kunne? Wanda sai an kira ka sau uku?"

"Ina ji sarai, amsa maka ne ba na so."

Ya zare fis-fis na wutar babur ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a rana, duk lafiya. Ya kwance robar gefe, ya jera ƙusoshinta a murfin gwangwani. Ya fito da filtar iska ya kaɗe, fes take. Ya leƙa ruwan lagireto, yana nan a cike. Ya bi wayar da ke jikin sandar jingina babur, wai in ta kwance takan kashe inji, ita ma ƙam take. Tsoho yana kan benci, ya dafa sandarsa da hannu biyu, bakinsa bai huta ba.

"Ka rabu da ƙarfen nan ka zauna. Yarinyar nan ta shagon magani da kake wa zarya ma, ni take tambaya kullum."

"Tambaya take ko ka sha maganin gwiwa."

"Haka soyayya take farawa. Kai me ka sani?"

"Kaka, ka saurare ni da kyau. Ko a ka zan ɗauki babur ɗin nan, yau sai na sa hannu a takardar nan. Shekara biyu ina zaune ina kallon haƙoranka guda huɗu, ya isa haka."

"Biyar ne."

"Na biyar ɗin yana rawa, ban sa shi ba."

"Ka zuba masa mai kuwa? Don na san ka. Kai ne ka taɓa kai rediyo wurin gyara alhali batir ne babu a ciki."

"Ina ɗan shekara tara fa!"

"Kan bai canza ba, hula ce kawai ta ƙara girma."

"Jiya na cika tanki har wuya. Bari ka gani da idonka, in yana gani."

Ya sa makulli a murfin tanki. Murfin ya ƙi ɗagowa, sai da ya sa ƙarfi. Yana ɗagowa muka ji wani dogon "fsss", kamar mutum ya ja iska ta tsakanin haƙora. Har ni da nake bakin shago na ji.

"Zafi ne," in ji Injiniya. "Ga mai nan, zo ka sha in kana so."

Tsoho bai ce komai ba. Wannan ne ya sa na ɗago daga kan keken ɗinki, domin shekara goma sha biyar ina makwabtaka da su ban taɓa ganin an jefa masa magana ya bar ta ta faɗi ƙasa ba. Na ga ya kalli ƙarƙashin babur, ya kalli jikansa, sannan ya sunkuyar da kai yana murza kan sandarsa.

"Tela, don Allah zo ka riƙe mini tanki," in ji Injiniya. "Wayar famfon mai ce, na rantse."

Na bar wandon mutane a kan keke na je. Ya kwance tankin ya ɗaga bayansa, na tallafe. Wallahi nauyinsa ya isa, ga warin fetur, ga rana ta fara cizo. Ya zura hannu ya zare soket, ya hura, ya goge, ya mayar. Ya murɗa makulli, famfo ya yi kukansa lafiya lau. Ya sake aunawa da mita. Ya bi wayoyi tun daga batir har kan inji yana lanƙwasa kowace, ko akwai wadda ta karye a ciki. Da na gaji na ce masa, "Malam, ni ɗinki na koya, ba dako ba."

"Ka yi haƙuri, saura kaɗan. Kaka, ka yi shiru. Ko batir ɗinka ne ya sauka in auna?"

"Uhm."

"Uhm kawai? Tela, taɓa shi ka ji ko da ɗumi."

"Yi aikinka," in ji tsoho.

Ƙarfe tara da kwata. Tara da minti ashirin. Injiniya ya daina zolaya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan inji. Duk abin da ya auna lafiya yake, kuma wannan ne abin tsoron, don ya san in ya hau, bayan minti goma zai sake tsayawa a gefen titi. Da tara da rabi ta yi ya sauke tankin, ya goge hannu a wando, ya ciro waya.

"Zan kira manajan wurin aikin. In roƙe shi ya ƙara mini zuwa gobe. In ya ƙi, na tura shi har can, su gan ni da idonsu."

Ya fara neman lambar. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san manajoji ba sa jiran kowa.

"Ajiye wayar nan," in ji tsoho.

"Kaka, ba lokacin wasa ba ne."

"Na ce ka ajiye. Durƙusa. Leƙa ƙarƙashi, bayan sandar da kake jingina shi. Akwai wani siririn tiyo baƙi."

Injiniya ya durƙusa ya jawo tiyon. A bakinsa an cusa ƙusa mai zare, an naɗe ta da farin tef irin na masu famfo, an ɗaure da siririyar waya, tsaf-tsaf. Duk unguwar nan babu gidan da ba a san wannan naɗin ba. Famfon shagona ma irinsa ne a jiki.

"Kaka. Mene ne wannan?"

"Jiya da la'asar ka ajiye shi a rana ka tafi aski. Na ga yana ɗigar da mai, ɗis, ɗis. Shekara arba'in ban taɓa wuce bututu yana yoyo na ƙyale shi ba. Balle na mutumin da zai yi tafiyar awa shida."

"Innalillahi! Hancin tanki ne fa! Ta nan yake shan iska! Ɗigon da ka gani cikawa ce ta yi yawa, da kansa zai daina!"

"Na gane yanzu, ba sai ka tara mini jama'a ba. Tankin ruwa ma haka yake, in iska ba ta shiga ba ruwa ba ya sauka. Ni na koya wa mutane wannan. Ban dai zaci wannan dabbar taka ma tana da hanci ba."

"Shekara arba'in kana gyara, ka rufe da ɓarna!"

"Kai kuma takardunka sun kai tsayinka, awa guda kana neman ciwon bututu a jikin waya."

"Da na san akwai mai famfo da ke yawo da tef a aljihu, da kai na fara aunawa!"

"Aiki dai ya yi kyau. Ko ɗigo ɗaya ka ƙara gani?"

Na yi dariya har na dafa bango. Injiniya ya warware wayar da filaya, ya zare ƙusar, ya sa baki ya hura tiyon, muka ji iska ta fita a cikin tanki. Nan da nan ya ɗaure tanki, ya mayar da roba, ya mayar da kujera, ƙusoshin murfin gwangwani suka ƙare babu saura. Ya danna sitata, inji ya ɗauka da ƙara mai daɗi. Ya ɗaure akwatunan, ya ɗauki hular kwano. Goma saura minti goma.

Sai ya tsaya da hular a hannu.

"Kaka, yaushe ka gane?"

"Gane me?"

"Ka san abin da nake tambaya."

"Tun da murfin nan ya ja iska."

"Fiye da rabin awa ke nan. Kana zaune kana kallona."

"Na ce bari in ga ko makarantar da aka tura ka ta yi amfani."

"Kaka."

Tsoho ya jingine sandarsa a jikin benci.

"To. Na ce ko zai ƙi tashi, ka ƙara kwana ɗaya. Gidan nan yana da faɗi in babu mai zagina. Sai na ga ka ɗauki waya za ka roƙi manaja, na ce a'a, wannan ba wasa ba ne kuma."

Wallahi tausayi ya kama ni, na juya ina gyara tsumman da ba ya bukatar gyara. Injiniya ya kashe inji, ya zo ya tsuguna a gaban bencin.

"Kullum zan kira ka. Safe da yamma. Zan zage ka har sai wayarka ta yi zafi."

"Ka kira da ƙarfi, ka ce kunnena ba ya ji."

"Ashe ka yarda!"

Tsoho ya fashe da dariya har da tari. "Na yarda. Yau ka ci ni, ni na ɓata. Tashi ka tafi." Ya kama hannun rigar jikansa kafin ya miƙe. "Amma ka ji. Rabin awar nan ni na cinye ta, kada ka neme ta a kan titi. In ka makara, ka haɗa ni da manajan in gaya masa wanda ya toshe."

"Zai ce wane mahaukacin tsoho ne wannan."

"Sai ka ce naka ne. Allah ya kiyaye hanya."

Injiniya ya sa hula, ya hau, ya ɗaga sandar babur da ƙafa, ya fita a hankali har ya sha kwana. Tsoho ya miƙe da ƙyar, ya tako har tsakiyar layi, ya tsaya yana kallon kwanar bayan ƙarar ta ɓace. Na koma kan kekena na zura zare, ban taka ba.

"Tela," ya ce, bai juyo ba. "Kai ka iya zagi kuwa?"

Na ce masa zan koya.